Mace Ba Ta Shiga Rumbu

Tamaske, watan Rajab

Zuwa ga Maigida,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Inna tana gaishe ka. Idanunta dai sai a hankali, yanzu da murya take gane mutane. Yara lafiya lau, Ikram ta yi tari amma ya sake ta.

Na koma ga takarda ne saboda bokal ɗinka, saƙon muryar nan, a salular Lalla maƙwabciyarmu yake sauka, ita kuwa ba ta san rage murya ba. Wanda ka aiko na ƙarshe a bakin rijiya aka saurare shi, har yau mata na tambayata ko bayanka ya yi sauƙi. Abdoulkadir direba zai kawo maka wannan, in zai juyo ka ba shi amsa. Ɗan karatun bokon da na yi a lakkol bai zube ba tukuna.

Maganar rumbu ce ta sa na zauna rubutu. Tun da ƙanenka Bashiru ya tafi Aljeriya, babu namiji a gidan nan da zai hau ya ɗebo mana hatsi. Ka ce ɗan'uwanka Yaya Maiguwa zai riƙa zuwa daga Karofane. Yana zuwa, amma sai ranar da ya ga dama. In ya zo ya fito da 'yan dammunan da ba sa kai mu ko'ina, ya sha ruwa, ya hau mashin ɗinsa. Satin da ya wuce kwana muka yi da ruwan kunu, alhali ga rumbu tsaye a tsakar gida ya fi ɗakina girma. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Na san in na ce a kira wani daga maƙwabta za ka ce bare ba ya ganin cikin rumbun wani. To ka yi wa ɗan'uwanka magana, ni bakina bai kai ba.

Bari in ba ka abin dariya, kada takardar ta zama kuka zalla. Mijin Lalla ya aiko mata da kartar salula cike da fina-finai. A ciki akwai na wata mata mai gajeren gashi da ke faɗa da ƙarti. An turo ta daga kan gada, ta cafke ƙarfe, ta ja jikinta sama da hannu har ta haye. Lalla ta ajiye salula ta ce, "Wagga da ba ta taɓa riƙa taɓarya ba ta yi haka, mu da munka tsuhwa bisa turmi da guga mi ka hana mu?" Ta kafa gwafa biyu a bayan ɗakinta, ta gindaya tsohuwar taɓarya a sama. Duk matan layinmu muka gwada, babu wadda ta ɗaga ko taƙi guda. Ni na rataye kamar wankin da aka manta a igiya. Ashe ƙarfin daka daban, na jan jiki sama daban. Abin ya ba ni haushi, shi ya sa na koma washegari.

Allah ya ba da kasuwa, ya tsare.

Matarka, Biba

*

Abijan, watan Sha'aban

Zuwa ga Biba,

Na amsa sallamarki, kuma na gode Allah da jin lafiyarku. Ki gaishe mini da Inna, ki ce ta ci gaba da sa mini albarka. Bayana da sauƙi, tunda duk Tamaske na son sani.

Kafin takardarki ta iso labari ya riga ta. Kin san yadda muke a ɗakin nan na Ajame, duk Adarawa ne, kuma kowa matarsa na aiko masa da bokal. Yanzu in na shigo sai a fara gyaran murya ana cewa ga mijin aktar, wai 'yar fim. Wani ya ce an ga matata tana lilo kamar jemage. Wani ya tambaye ni ko in na koma gida ni zan riƙa girki. Na yi dariya tare da su don babu yadda zan yi, amma raina ya ɓaci.

Biba, ke ba yarinya ba ce. Uwar 'ya'ya, surukar Inna, ki je ki rataye a taɓarya don kin ga wata baturiya a salula? Waɗannan abubuwan duk dabara ce ta masu yin fim, da igiya suke jan ta. Na taɓa ganin ana ɗaukar wani a nan bakin gada, mutum bai yi tsallen da ya wuce na kwaɗo ba. In ƙarfi ne ya yi miki yawa, ga katangar bayan gida ta zube tun damina.

Game da Yaya Maiguwa, ki yi haƙuri da shi. Babba ne, yana da nasa gidan, kuma hanyar Karofane kin san duwatsunta. Abin da ya ɗebo muku ya san dalilinsa. Ke dai ki riƙa sassauta hannu wajen awo, azumi na tafe.

Ki shafa mini kan Ikram.

Mijinki, Mahamud

*

Tamaske, watan Azumi

Zuwa ga Maigida,

Barka da shan ruwa, da fatan ibada na tafiya daidai. Mu ma muna ciki, zafin bana dai ba a magana. Inna ta ƙi ajiye azumi duk da malam ya ce an yafe mata.

Katangar bayan gida mun gyara ta ni da Lalla tun kafin takardarka ta zo, sai ka nemo mini wani aikin.

Layi ɗaya a takardarka ya tsaya mini a wuya. Ka ce in sassauta hannu wajen awo. Shekara nawa ina yi maka tuwo, yaushe ka ga na zubar da ko ƙanzo? Kana can bakin teku kana ce mini mai ɓarna, ni kuwa ina nan ina kankare ƙwarya da yatsa. In ɗan'uwanka ne ya kai maka wannan maganar, ya zo ya faɗa a gabana. Ya zo sau ɗaya tun shigar azumi. Da na ce ya ƙara ko dami biyu saboda kunun buɗa baki, sai ya ce, "Ki yi hanƙuri ɗiyata, bayana na ka ciwo," ya mayar da murfi. Duk mazan gidanku ciwon baya ne da su.

Taɓarya kuma ban bari ba, gara in faɗa maka da kaina. Da safe muke yi bayan mun dawo rijiya, kafin rana ta ɗaga. Da farko rataya kawai muke har hannu ya saki. Daga nan wata ta riƙe maka ƙafafu tana tura ka. Lalla ta ƙirƙiro ɗaga bidon ruwa, jarkar nan, da hannu ɗaya-ɗaya, ta ce ta ga matar fim ɗin tana yin irinsa da ƙarfe. Hawa mai ƙosai ta faɗo ta zauna a kan kaza, tun ranar ta koma alƙalanci. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta a kan tsohuwar kanta. Inna ta ce tun da take ba ta taɓa jin matan aure na nishi haka da rana tsaka ba. Ko da igiya ake jan waccan matar, ni babu mai ja na, kuma jiya haɓata ta haye taɓarya har na ga cikin gidan su Hawa.

Yanzu ga abin da nake so. Na sha tsayawa ina kallon yadda Bashiru ke yi. A jingina tsani, a ɗage murfin jinka, a gindaya itace a bakin rumbu, a ɗaura igiya, a sauka. Shiga ba wuya, ko akuya na faɗawa rijiya. Fitowar ce aiki, don bangon ciki ya rufo ta sama, ƙafa ba ta samun wurin takawa, sai dai hannu. To hannun yanzu ina da shi. Ka ba ni izini in riƙa shiga ina ɗebo mana abincinmu, mu huta da jiran mashin daga Karofane. Na san an ce mace ba ta shiga rumbu. Waɗanda suka faɗa suna gida lokacin da suka faɗa.

Ina jiran amsarka kafin salla.

Matarka, Biba

*

Tamaske, bayan ƙaramar salla

Zuwa ga Maigida,

Barka da salla. Muna lafiya, ina fatan kai ma haka, don shirun ya yi yawa. Abdoulkadir bai dawo ba, an ce hanya ta riƙe su. Wannan ta hannun wani ɗan Sabon Gida mai tafiya can na ba da ita, ban sani ba ko za ta same ka. Na sa Lalla ta kira lambarka, kullum a kashe.

Yaya Maiguwa ya zo ana jibi salla. Ya daɗe a ciki har na ɗauka barci ya kwashe shi. Da ya fito yana haki, rigarsa sharkaf, ya zauna a gindin tsani. Abin da ya fito da shi ko tuwon salla bai rufe ba. Yaranmu a gidan Lalla suka ci na rana, Ikram ta dawo tana ba ni labarin yadda tuwonsu ke da yawa. Ka san yadda wannan ke yi wa uwa.

Tun daga ranar bai sake leƙo mu ba, kuma ƙwaryar hatsi ta kusa ganin gindinta. Na yi haƙuri, na yi kara, na nemi izini kamar yadda aka koya mini. Shiru ma amsa ce, amma ba a dafa ta. In ranar kasuwa mai zuwa ta wuce ban ga ɗan'uwanka ba, ban ga takardarka ba, zan hau. In laifi ne ka zo ka yi mini faɗa a tsakar gida, ko banza mun ga fuskarka.

Matarka, Biba

*

Abijan, goman ƙarshe na Azumi

Zuwa ga Biba,

Barka da shan ruwa. Takardarki ta cikin azumi ta same ni, na karanta ta sau da yawa. Ina lafiya. An tashe mu daga bakin titin da muke kasa kaya, a cikin turmutsutsun salulata ta faɗi ta fashe, shi ya sa ba ku ji ni ba. Muna neman wani wurin.

Ban ce kina ɓarna ba. Wallahi ban nufi haka ba, ke ma kin san ban taɓa ƙorafi a kan tukunyarki ba. Kin ɗauki magana kin kai ta inda ban aike ta ba, kamar yadda kika saba.

Maganar izini kuwa, ban bayar ba. Babana bai bar Inna ta leƙa rumbunsa ba har ya koma ga Allah, kakana ma haka. Ki tambaye ta. Ba ƙarfinki nake rainawa ba, na yarda haɓarki ta haye taɓarya, Allah ya ƙara lafiya. Amma ba don ƙarfi aka hana ba. Akwai kayan da namiji ke ɗauka shi kaɗai, in ya sauke wa iyalinsa to ya gaza. Ni na bar gida, na bar gona, na bar uwata a hannunki. Abin da ya rage mini a gidan nan da sunana a kai shi ne wannan rumbun. Ki bar mini shi.

Na aika wa Yaya Maiguwa ya ƙara ƙoƙari. Ni ma ina fafutuka, in Allah ya so kafin ruwa ya sauka za ku ga saƙo ko ku gan ni. Ki daure.

Biba, tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa roƙonki komai ba. Yau ina roƙonki. Ki yi ta lilonki in kina so, su kira ni mijin aktar har su gaji. Kada dai ki shiga.

Mijinki, Mahamud

*

Tamaske, watan Zulƙida

Zuwa ga Maigida,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Allah ya mayar maka da abin da ka rasa, ya buɗa wani wurin da ya fi.

Takardarka ta azumi sai shekaranjiya Abdoulkadir ya kawo ta, duk ta yamutse a aljihunsa. Ta zo a makare. Na riga na shiga.

Da hantsi ne, washegarin kasuwa. Lalla da Hawa suka taya ni ɗage murfi. Na sa tsohon wandonka a ƙarƙashin zane, na hau tsani. Inna tana zaune a tabarmarta ta juya mana baya, ta ce ita babu ruwanta. Na gindaya itace, na ɗaura igiya, na zura ƙafafu, na rataye kamar yadda na saba a taɓarya. Na miƙa ƙafa ina neman hatsi in taka. Ban taɓa komai ba. Na kama igiya na sauka, na ƙara sauka, ƙafata na ta lalube a iska, har igiyar ta ƙare a hannuna na dira a ƙasa.

Da idona ya saba da duhun sai na gani. Ta gefe ɗaya dammuna ba su kai mini ƙugu ba. Ta ɗaya gefen daɓe ne fili, sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Wannan ba zai kai mu shuka ba, balle kaka. Na zauna a kan dami na rasa abin da zan yi, Lalla na ta kirana daga sama.

A nan na gane Yaya Maiguwa. Ba lalaci ba ne, ja mana yake yi don ya kai mu gaba, kuma da tsufansa yake hawan wannan igiyar. Ka ba shi haƙuri a madadina, na zage shi a zuciya fiye da yadda zan iya rubutawa. Na kuma gane layinka na sassauta awo. Ka sani ke nan tun tuni. Kai ka sani, shi ya sani, ni da ke riƙe da tiya ni kaɗai aka bari a duhu.

Wannan shi ne ya fi ƙona mini rai, Maigida. Da ka faɗa mini tun da kaka cewa gonar bana ba ta yi ba, da na shanya yakuwa da tafasa lokacin da suke banza a bayan gari. Da na riƙe wakena ban sayar ba. Da ban dama furar sunan ɗiyar ƙanwarka kamar ta gidan mai gari ba. Na iya dafa kaɗan ya ishi mutane da yawa, uwata a shekarar yunwa ta haife ni. Amma ba a yi wa cikakken rumbu tsimi, kuma ni cikakke kuka bar ni ina gani daga waje. Kun ɗauki kayanku ku kaɗai, sannunku, sai dai cikin yarana ne ya biya.

Fitowa ta fi yadda na zata. Lalla ta zuro mini igiyar guga, na ɗaure dammuna ta janye, sannan na yi tsalle na kama igiya. Na kai rabi hannuna ya mutu, na zame, fatar tafina ta tafi da igiyar. Ita waccan matar ana yi mata kiɗa in tana hawa, ni ƙura ce kawai a maƙogwaro. Na tsaya na huta, na tuna in ban fita ba sai an kira mazan unguwa sun leƙo sun ga abin da na gani. Na sake kamawa. Ban san yadda na kai itacen ba, na dai ji haɓata a kansa.

Da na leƙo, tsakar gida cike da mata da yara, Hawa har da guɗa. Lalla ta ce, "Yaya ciki?" Duk suka zuba mini ido, Ikram a gaba. Maigida, na buɗe baki da niyyar in tona ku, sai na ji kaina ina cewa akwai, alhamdu lillahi. Na mayar da murfi da hannuna. Kada ka ji daɗi, ban huce ba.

Mutum ɗaya ce ban ruɗa ba. Bayan an watse Inna ta kira ni, ta lalubo hannuwana, ta shafa musu man kaɗanya. Ta ce, "Na ji dirakki. Rumbu mai hatsi ba shi amo haka nan." Tun ranar rabin furarta take sha ta turo wa yara sauran, ta ce ciki ne ba ya karɓa.

Zan ci gaba da shiga, ba izini nake nema ba yanzu. Ka aika wa Yaya Maiguwa ya huta. Na rage awo, na fara haɗawa da ganye, akuyata ma in ta kama za ta tafi kasuwa. Babu wanda zai ji daga bakina.

Amma ga abin da nake so ka karanta da kyau, kada kai ma ka kai magana inda ban aike ta ba. Ina hawowa na ga dammunan irin shukarka a rataye kusa da baki, masu dogayen zangarniya, ɗaure da kaba. Ban taɓa su ba. Da can ban san suna nan ba, ko na sani ba ni da hannun kaiwa. Yanzu na san inda suke, hannuna yana kaiwa, kuma in yunwa ta tsananta ni Ikram za ta riƙe wa zane tana kuka, ba kai ba. Zan daure iyakar ƙarfina, amma ban yi maka alkawari ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ka zo ka sa irin nan a ƙasa tun ban sa shi a turmi ba.

Matarka, Biba